Tashar jirgi a tafin hannu: wasa ne ko karatu?

A Jamus da Amurka da Ingila da Japan akwai wasu mutane, da yawansu magidanta ne masu furfura, likitoci da direbobi da injiniyoyi da ƴan fansho, waɗanda in sun taso daga aiki sai su shige wani ɗaki su rufe ƙofa, su zauna gaban teburi suna harhaɗa ƙananan gine-gine na roba suna yi masu fenti. Tashar jirgi, shago, masana'anta, tankin ruwa, ɗakin mai gadin mararraba. Mafi yawan ginin bai wuce ka ɗora shi bisa tafin hannu ba. In an gama sai a jera su gefen wani siririn layin dogo da ɗan ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki ke zagayawa a kai. Mutum na iya shekara 20 yana gina gari guda bisa teburi, kuma in ka tambaye shi ya ce maka da saura.

Na san abin da mai karatu zai ce, don na sha jin sa daga bakin abokan aikina: ai wanda ya ƙoshi ne ke wannan. Ban musa ba. Mai neman abin sa wa a tukunya ba shi da lokacin fentin tagar da ba ta kai ƙwayar wake ba. Amma ra'ayina shi ne, cikin wannan wasa na ƙosassu akwai wani karatu da ƴaƴanmu suka fi ƴaƴansu buƙata. Karatun ma yana rubuce cikin tsarin koyarwarmu, sai dai da baki da alli kaɗai ake ba da shi, hannun yaro yana naɗe bisa teburi.

Bari in fara bayyana abin, tunda da yawanmu ba su taɓa ganin sa ba. Cikin kwali ake sayar da ginin, a warwatse. In ka buɗe za ka tarar da wasu firam-firam na roba, kowane ɗauke da gutsattsari manne da shi kamar ƴaƴa a reshe: bango huɗu, rufi, ƙofofi, tagogi, bututun hayaƙi, magudanar ruwan sama, wani lokaci har da benci da agogon bango. Robar ana ce mata polistiren. Narkar da ita ake yi a tura ta da ƙarfi cikin wani ƙarfe da aka sassaƙa da siffar abin da ake so, shi ya sa kowane tubalin bango ke fitowa da layinsa. Kowane gutsure da lambarsa, sannan ga takarda mai zane-zane tana nuna wanne ke shiga cikin wanne. Kamfanin Faller na garin Gütenbach a kudancin Jamus, wanda wasu ƴan uwa biyu suka kafa a 1946, yana cikin waɗanda suka fi suna a wannan sana'a. A Amurka kuma akwai Walthers na birnin Milwaukee tun 1932. Abin ya kai har a birnin Hamburg an buɗe wani gida a 2001, sunansa Miniatur Wunderland, inda aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo fiye da kilomita 15 tsakanin dubban irin waɗannan gine-gine, mutane fiye da miliyan guda na biyan kuɗi kowace shekara su shiga kallo.

Abin da ya raba wannan da kayan wasan da ake tarawa a kasuwa ranar jajibirin salla shi ne awo. Motar robar da kake saya ma yaro ba ruwanta da awo, tayarta na iya fin ƙofarta girma, direban cikinta kansa ya tokare rufi, babu mai damuwa. A nan kuwa komai an rage shi ne da lamba guda, daga jirgin har kwandon shara. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya ana kiran sa HO, wato 1/87. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin dogo a ƙasashe da yawa milimita 1435 ce. Raba ta da 87 sai ka sami milimita 16 da rabi, kuma ita ce tazarar ɗan ƙaramin layin, ba ƙari ba ragi. Ƙofa mai tsawon mita 2 ta koma milimita 23. Mutum matsakaici ya koma kamar santimita 2. Tubali mai tsawon santimita 24 bai cika milimita 3 ba. Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya sa 87, lamba mai wuyar rabawa haka? Tarihi ne ya kawo ta. Akwai wani ma'auni da ya riga shi, O, wanda a Ingila yake ɗaukar milimita 7 a matsayin ƙafa guda ta awon Turawan Ingila. Da aka so ƙarami sai aka raba biyu, milimita 3 da rabi ga kowace ƙafa. Ƙafa guda kuwa milimita 304,8 ce, in ka raba sai 87 ta fito da ƴan kai. An auri awon Faransa da na Ingila ne aka haifi wannan lamba. Akwai kuma N, 1/160, na masu ƙaramin ɗaki, su kuma Ingilawa suka tsaya bisa nasu 1/76.

Duk malamin da ya taɓa riƙe CM2 ya gane inda na dosa. Wannan shi ne darasin eshel, wanda muke yi kowace shekara. Muna rubuta ma yara cewa bisa taswira mai eshel 1/100 000 tazarar gari biyu santimita 5 ce, su nemo tazarar gaskiya. Masu ƙoƙari sun haddace dabarar, su ninka, su ƙirga sifili, su maida kilomita, su sami makinsu. To tambayi ajin nan, har masu ƙoƙarin, ko ɗakin da muke zaune ciki zai shiga shafin kaye in an zana shi a 1/100. Sai ka ji tsit. Wani ya ce sai an haɗa kaye goma, wani ya ce bai kai ɗigon bik ba. Lambar tana kansu, girman ba ya idonsu. Kuma ban ga laifin yaran ba, don a ekol normal ma, inda aka horar da mu, bisa tablo aka nuna mana eshel, muka kwafe, muka fito muna nunawa bisa tablo.

Wanda ya riƙe ƙofa mai milimita 23 tsakanin yatsunsa, ya kuma ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakinsu, ba ya sake wannan ruɗewar. Har ma yana gano abin da muke wahalar fahimtar da ƴan kwalej: in tsawo ya ragu sau 87, fili yana raguwa ne sau 87 ninki 87, wato 7569, shi ya sa ɗan fentin da bai cika murfin kwalba ba yake rufe bangon tasha gaba ɗaya. Abin da ginin ke iya ɗauka a cikinsa kuma ya ragu fiye da sau dubu 658. Ana iya rubuta wannan bisa tablo shekara da shekaru bai zauna ba. Gani ya kori ji.

Na taɓa haɗa irin wannan gini guda ɗaya tare da yaran gidana lokacin babban hutu. Wani ɗan uwana mai fataucin motocin gwanjo ne ya tsinto kwalin cikin tarkacen da ake cusa ma motocin daga Turai, bai san ko mene ne ba, ya ce tunda ni mushe ne in duba. Ƙaramar tashar ƙauye ce ta ƙirar Jamus, mai jan tubali da rufi mai tsini. Jirgin babu, layin babu, ginin kaɗai. Sati biyu muka yi a kansa da yamma-yamma, kuma abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne yadda aikin ke tilasta ma mutum bin tsari ba tare da an ɗaga masa murya ba.

Ga yadda yake. Kafin a taɓa komai sai an karanta takardar daga farko har ƙarshe, don a san abin da zai shige ciki ya ɓuya, wanda in an rufe bango hannu ba zai ƙara kai gare shi ba. Sai a wanke firam ɗin da ruwan sabulu, saboda akwai wani ɗan maiƙo da ke maƙale da robar tun daga masana'anta, in an bar shi fenti ba ya kamawa. Gutsuren kuma ba a murɗe shi a fizge, da reza ake yanke shi, sannan a goge gurbin har ya yi sumul, domin ɗan tudun da bai kai rabin milimita ba, in ka ninka shi da 87, ya zama giɓin santimita 4 a kusurwar gini. Sai a gwada haɗawa a bushe tukuna, babu gam, a ga ko bakin ya haɗu. Gam ɗin ma ba irin wanda muka saba ba ne. Wani ruwa ne da ke narkar da fuskar robar, gefe biyun su narke su zama abu guda, kamar walda. Wannan na nufin abu biyu. In akwai fenti a wurin haɗin ba zai kama ba, dole a kankare. In kuma ɗigo guda ya zuba bisa bango ka sa yatsa, zanen yatsanka ya zauna nan har abada. Tagogi masu haske su ne na ƙarshe, kuma da farin gam na kafinta ake manna su, don wancan ruwan yana sa su yi hazo. Firam ɗin tagar tun yana manne a reshensa ake yi masa fenti, lokacin da akwai wurin riƙewa. Mai niyyar sa ƴar fitila ciki kuma sai ya shafe cikin bangon da baƙi tun da wuri, in ba haka ba da dare ginin duka zai riƙa haske kamar fitilar ƙwai.

Ku lura, babu ɗaya cikin waɗannan da ke da wuya. Wuyar tana ga jerin: wanne kafin wanne, kuma don me. Yaronmu ya saba da ardwaz, in ya ɓata sai ya tofa yawu ya shafe. Hakan na da amfaninsa, amma bai taɓa haɗuwa a lakwal da aikin da ba ya shafuwa ba, aikin da ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin hannunsa ya motsa. Tela ya san wannan, shi ya sa yake awo sau biyu kafin ya sa almakashi. Maƙeri ya sani, nas mai allura ta sani. Ɗan lakwal ne kaɗai ke shekara shida, ko goma, bai gamu da shi ba.

Duk da haka, harhaɗawa ba ita ce ta fi daraja a wurina ba. Fentin ne. Takardar kamfani tana raka ka har ka ɗora rufi, daga nan ta sallame ka. Abin da ke hannunka a lokacin gini ne mai kyau amma yana sheƙi, ja wur, kowane tubali launinsu ɗaya, duk wanda ya kalla ya san roba ce. Masu wannan sana'a suna da dabarun kashe sheƙin. Suna fara shafa fenti marar ƙyalli. Sannan su dama fari ko ruwan toka tsararo kamar ruwan koko, su malala bisa bangon ya gangara cikin layukan da ke tsakanin tubala, kafin ya bushe su share saman da tsumma, sai simintin ya fito fili. Su ɗauki ƙaramin buroshi su bi tubala ɗaiɗai, wannan a ɗan duhunta shi, wancan a ɗan haskaka, tunda ba a taɓa gasa tubali dubu suka fito launi guda ba. Akwai kuma dabarar busasshen buroshi: a tsoma cikin fenti, a goge kusan duka bisa takarda, a shafa a hankali ta yadda gefuna da tudu kaɗai za su ɗauka. Har garin alli mai launi suke kankarewa su shafa a madadin ƙura da kunkunniya.

Dabarun nan ana koyon su cikin yini guda. Abin da ba ya koyuwa daga takarda shi ne ina dattin zai zauna. Ina ruwan sama ke bi in ya sauko daga rufi? Ƙarƙashin taga ta wane gefe tabon yake? Tsatsa daga ƙusa take farawa ko daga bakin kwano? Hayaƙin jirgi ina yake baƙantawa? Wanda bai taɓa tsayawa ya ƙura ma bango ido ba zai shafa baƙi ko'ina, ginin ya fito kamar wanda aka tsamo daga gobara. Dole sai ka fita ka duba. Mutumin da ake yawan ambata a Amurka kan wannan fanni shi ne John Allen na garin Monterey a Kaliforniya, wanda ya rasu a 1973. A ƙarshen shekarun 1940, lokacin da kowa ke alfahari da ginin da ke ƙyalli kamar sabo, shi ya fito da ɗakin ajiye kan jirgi da ya sa ya tsufa da gangan, har da tattabaru bisa rufi da kashinsu, kuma ya ci gasa da shi. Ban yi mamaki ba da na san sana'arsa ta asali ɗaukar hoto ce. Ido ya kawo cikin aikin. Babban garin da ya shekara kusan 20 yana ginawa ƙarƙashin gidansa ya ƙone kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, hotunansa ne suka rage, kuma har yau da su ake koyo.

Da muka zo wannan mataki a gida, ƴata ta fita ta zagaya unguwa ta dawo tana ba ni labarin abubuwan da take wucewa kullum ba ta taɓa gani ba. Cewa ƙarƙashin kowane indararo akwai dogon tabo mai faɗi daga sama yana tsukewa ƙasa. Cewa gindin bango ya fi samansa zaizayewa, kuma launinsa daban, saboda ruwan da ke fallatsa daga ƙasa da damshin da ke hawa. Cewa gefen ƙofar zaure yana da baƙin sulɓi daidai inda hannu ke dafawa, akwai na manya a sama, akwai na yara a ƙasa. Cewa bangon gabas ya fi cin wuya, don ta nan hadari ke bugowa. Wannan na ƙarshen duk magini ya san shi, shi ya sa yaɓen gabas ake fara gyarawa kafin damina, amma babu littafin ajin da ya gaya mata. Muna da darasin nazarin muhalli a tsarin karatu, kuma sau da yawa yara na yin sa ne a zaune, suna kwafar taƙaitawa, muhallin yana waje yana jiran su.

Kada a fahimce ni da cewa a yo odar kwalayen nan a raba ma makarantu. Ko kusa. Matsakaiciyar tasha guda na iya kaiwa jikka 20 kafin kuɗin kawowa, a ƙasar da ake karatu ƙarƙashin rumfar kara. Ko da kyauta aka ba mu ma, ina da ja. Ginin cikin kwali wani ya riga ya yi tunaninsa, ya auna, ya raba, kai bi kawai kake yi. Rufin tashar tamu mai tsini an yi shi ne don ƙanƙara ta zame, abin da yaron Tawa ba zai taɓa gani bisa rufinsu ba. Su kansu gwanayen abin a can ba sa tsayawa ga kwali. In hannunsu ya faɗa sai su fara yanka bangon wannan su haɗa da rufin wancan, daga baya su sayi fallen roba fari su auna wani gini na gaske a garinsu su fitar da shi da kansu. Wannan shi ne matakin ƙoli a wurinsu.

To mu ƴaƴanmu daga can ƙolin suke farawa. Yaron da ya ɓare karan dawa ya fitar da mota da ɓargon da ɓawon, ko ya lanƙwasa waya ya yi tirela mai sitiyari dogo har ƙugunsa, ko ya fasa gwangwanin tumatir ya yi taya da tsohon silifa, babu wanda ya ba shi takarda. Shi ya duba, shi ya tsara, shi ya nemo kayan. Yarinyar da ke gina ɗakin amarya da laka ta jera masa ƴan tukwane haka take. Abu guda ya rage masu, shi ne awo, kuma shi ne abin da lakwal ke da shi a hannu ta hana su. A gida kuwa abin da suke samu shi ne tsawa: tashi ka ɗauki kayenka, ka zauna kana wasan banza. Iyaye, don Allah ku sake duba wannan magana. Yaron da ya yi awa biyu bai ɗaga kai ba yana daidaita tayoyi huɗu su taɓa ƙasa tare, natsuwar da malami ke roƙo a aji bai samu ba ce yake yi maku a tsakar gida kyauta.

Abin da nake ba ƴan uwana malamai shawara ƙarami ne. Muna da lokacin APP cikin jadawali, ayyukan hannu da na samarwa, wanda a makarantu da yawa ya koma sharar fili da ɗebo ruwa. A ɗauki wannan lokacin na wata guda. Yara su fita da igiya mai ƙulli kowace mita su auna ajinsu: tsawo, faɗi, tsayi, ƙofa, tagogi, tazarar taga da taga. A bar 87 ga masu ita, a ɗauki 1/50, inda mita guda ta zama santimita 2. Aji mai mita 9 bisa 7 ya koma santimita 18 bisa 14, daidai hannun yaro. Kwali yana nan jibge bayan kowane shago. Ƙaro in an jiƙa shi gam ne, haka kunun garin rogo. Launi kuma ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga toka, ga gawayi, ga bula ta masu wanki, a dama da ruwan ƙaro su kama. Almakashi ya isa ga kwali marar kauri. Reza ta zauna hannun malami. A garin da ke da tsofaffin gidajen ƙasa masu zane, kamar unguwar Birni a Damagaram, ƴan kwalej na iya neman izinin mai gida su auna fuskar zaure su fitar da ita har zankwayenta.

Za a ce aji mai yara 80 fa? Na riƙe irinsa, na san nauyinsa. Amma rukuni goma na yara takwas suna aiki da hannu sun fi sauƙin riƙewa bisa yara 80 da aka ce su yi shiru su saurara da ƙarfe goma sha biyu na rana. Za a ce jarrabawa ba ta tambayar kwali. Tana tambayar eshel, da kewaye, da fili, da maida mita santimita, kuma duk suna cikin wannan aiki guda. Abu ɗaya da nake gargaɗi a kai shi ne kada a bar ma maza aikin, mata su tsaya riƙe kwano. Hannun da ke zana lalle gefe biyu su fito iri ɗaya, ko ya raba kai gida-gida don kitso babu rula, ya riga ya san daidaito fiye da yadda ake zato.

Akwai kuma raini da ke ƙarƙashin duk wannan, wanda ya kamata a faɗe shi a fili. Tun zamanin Turawa aka sa mana a kai cewa lakwal hanya ce ta tsere ma aikin hannu, wanda ya yi karatu ya zauna ofis, wanda ya kāsa a kai shi gareji. Ƙasar Finlan, wadda ake ta yabon makarantunta, tun 1866 ta sa aikin hannu cikin darussan makarantun talakawanta. Mu ma ba mu rasa abin nuni ba. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou, ƴar ƙasar nan mai zanen gine-gine, tana cikin waɗanda suka maida tsohon masallacin garin ɗakin karatu suka gina sabo gefensa. Duk wanda ya shiga makarantar wannan sana'a tata, a ko'ina cikin duniya, da kwali da reza da gam yake farawa, yana fitar da ƙaramin gini kafin a yarda ya zana babba.

Sai maganar jirgin kansa. Mafi yawan ƴaƴanmu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsu ba. Layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kilomita 140 da ƴan kai, an yi bikinsa a 2016 amma bai zama hanyar sufuri ba. A Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, kimanin kilomita 284. Ga ma lissafi ga ƴan aji: in za a fitar da shi a 1/87, sai an sami teburi mai tsawon fiye da kilomita 3, abin da ya sa masu wannan wasa ke matse tazarar garuruwa su bar gine-ginen bisa awonsu. Ranar da layin ya iso, tasha za ta buƙaci masu karanta zanen gini, masu auna tazarar ƙarfe da milimita, masu lura da tsagewar da ba ta kai gashi ba kafin ta zama hatsari. Ko dai yaran da ke ajinmu yau, ko a ɗauko wasu daga waje su yi, namu su sayar masu da ruwan leda a bakin tasha.

Ga wanda zai gwada aikin kwalin, akwai wuri guda da kusan kowane rukuni ke tuntuɓe. Yara za su yanka bango biyu na santimita 18, biyu na santimita 14, daidai yadda suka lissafa, su zo haɗawa su tarar ginin ya fi shimfiɗarsa girma, rufin da suka yanka ya ƙi rufewa. Dalili shi ne kwalin kansa yana da kauri, sai an rage kaurin bango biyu daga gajerun ɓangarorin kafin kusurwa ta zauna. Kada malam ya yi saurin faɗa masu. A bar su su juya shi, su sake awo, su yi gardama, a tanadi kwalin da za su sake yankawa. In sun gano, a tura su da igiyarsu su auna ajin ta ciki, su kuma auna shi ta waje, su zo su faɗi inda santimitocin da suka ɓace suka shiga.